Tsohon gidan gona na dutse a Devon: dutsen ƙofa ne mai gaskiya ko mai gida?

Wani ɗalibin injiniya da ke karatu a Ingila ya aiko da wannan tambaya: "Malam, a hutun da ya wuce mun kwana uku a wani tsohon gidan gona na dutse a gefen Dartmoor, cikin lardin Devon. A saman ƙofar shiga an sassaƙa wata shekara ta ƙarni na 17, amma mai gidan ya dage cewa gidan ya haura shekara 600. Tagoginsa ba su yi daidai da juna ba, daɓen ya gangara gefe guda, akwai ƙofar da aka toshe da dutse, murhun kuma ya yi wa ɗakin girma. Wa ke da gaskiya, kuma ta yaya ake ganewa?"

Ɗan'uwa, mai yiwuwa su biyun duk gaskiya suka faɗa maka. Shekarar da ake sassaƙawa a kan ƙofa, a mafi yawan irin waɗannan gidaje, shekarar wani aiki ce da aka yi wa gidan: an ƙara shirayi a bakin ƙofa, ko an ɗora bene, ko an yi aure an sabunta fuska. Wanda ya kashe kuɗinsa shi ke sa shekara, sau da yawa har da haruffan farko na sunansa da na matarsa. Wanda ya aza tubalin farko shekara 200 ko 300 kafin nan bai bar rubutu ba. Saboda haka tambayar da muke yi a wannan aiki ita ce: wane ɓangare ne ya fara tsayawa, me aka jingina masa daga baya, kuma wace bukata ce ta sa? Ruwa ba ya tsami banza, bangon da aka huda aka sāke toshewa ma haka ne.

Abin da ka ce game da daɓen da ya gangara shi ya fi jan hankalina, don ya nuna kusan tabbas dogon gida ka kwana a ciki, wanda mutanen can ke kira longhouse. Gini ne miƙaƙƙe guda ɗaya, faɗinsa ɗaki guda, wanda da gangan ake shimfiɗa shi a kan gangare, kai sama ƙafa ƙasa. A tsakiya akwai lungu da ya ratsa shi daga gaba zuwa baya, da ƙofa a kowane ƙarshe. In ka shiga lungun ka juya wajen tudu, ɗakin mutane ka nufa. In ka juya wajen gangare, ɗakin shanu ne. Ƙofa ɗaya mai gida da saniyarsa suke bi, rufi ɗaya ya lulluɓe su. A ɗakin shanun ana ɗaure dabbobi kai ga bango, wutsiya ga tsakiya, inda aka shimfiɗa magudana ta dutse da ke kwashe fitsari ta fitar da shi ta wata kafa a gindin bangon ƙarshe. Sama da kafar kaɗan akan bar wata 'yar taga ta watso kashin shanu waje. Gangaren shi ke hana ƙazanta komawa wajen mutane. Dartmoor tudu ne mai ruwan sama da iska mai sanyi, dabbobi na wuni a ɗaure tsawon hunturu, kuma dukiyar manomi kaf tana kan waɗannan shanun. Samun su kusa, inda zai ji motsinsu da dare, ya fi masa kwanciyar hankali, ɗuminsu ma yana taimakawa. Ana samun irin wannan tsari a Wales da yankin Brittany na Faransa, amma a Dartmoor sama da guda ɗari suna tsaye har yau, ko da yake kusan duka an canza musu kama.

In kana son ganin tsarin kafin a taɓa shi, je kufan ƙauyen Hound Tor, wanda aka tona a shekarun 1960. Gine-ginen dutse ne na ƙarni na 13, bangonsu yanzu bai wuce ƙugu ba, amma lungun ratsen da magudanar shanu suna nan a fili. Mutanen sun watse tsakanin ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15, bayan yanayi ya ƙara sanyi da damshi, annobar 1348 kuma ta rage jama'a har ƙasa mai kyau ta samu a kwari. Tun da ba wanda ya zauna ya gyara, gidan ya tsaya a siffarsa ta farko. Wanda ka kwana a ciki ɗan'uwansu ne da aka ci gaba da zama a cikinsa.

To, yaya ɓangaren mutane yake a farko? Babu bene, babu bututun hayaƙi, babu gilashi. Babban ɗaki ne buɗe daga daɓe har jinka, wuta na ci a kan falalen dutse a tsakiyar ɗaki, hayaƙi na tashi yana bin ciyawar rufi yana fita ta inda ya samu. Abin da ya raba ɗaki da ɗaki katangar katako ce da ba ta wuce tsayin mutum da kaɗan ba, don haka hayaƙin na yawo daga wannan ƙarshen gini zuwa wancan. Wannan hayaƙi shi ne babban mashaidinmu a yau. Shekara da shekaru yana shafa wa katakon rufi da cikin jinka kunkunniya, baƙa ƙirin, mai kauri, wadda ba ta gogewa. Duk lokacin da na shiga irin wannan gida, ba na tsayawa kallon fuska, tsani nake nema da tocila. In na leƙa ƙarƙashin rufi na ga katako baƙi da kunkunniya, na san gidan ya rayu a zamanin da ake hura wuta a tsakar ɗaki, wato kafin a gina murhun da ka gani. In baƙin ya mamaye rufin duka, ginin a buɗe yake gaba ɗaya. In ya tsaya cak a wani bango, bayan bangon katako fari ne tas, to wancan gefen an riga an rufe shi tun wuta na ci a tsakiya.

Devon na da wata baiwa a nan. Masu baibaya na yankin ba su saba yaye tsohuwar jinka har ƙasa ba. Sukan cire saman da ya ruɓe su ɗora sabo, ƙasan kuma ya zauna. Shi ya sa a gidaje da dama shimfiɗar farko ta zamanin da tana nan a ƙarƙashin sababbi, hayaƙi ya busar da ita ya kare ta daga ƙwari. Masu binciken tsirrai sun zaro karan alkama da na hatsin rai daga ciki, wasu da zangarniyarsu, har da ciyayin da suka tsiro a gonar tare da su. Ka ga gona ce ta shekara 500 ko 600 a rataye a kan mutane suna barci. Mafi yawan irin wannan jinka da ta rage a Ingila a Devon take. Gidan Higher Uppacott, kusa da Poundsgate, misali ne da ake kai ɗalibai: ya samo asali daga tsakiyar ƙarni na 14, baƙar jinkarsa tana nan, kuma ba a taɓa mayar da ɗakin shanunsa ɗakin mutane ba. Hukumar gandun Dartmoor ta saye shi a 1979, yana kuma cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare.

Katakon da ke ɗauke da rufin ma yana magana. A tsofaffin gidajen yankin akan sami manyan itatuwa biyu-biyu masu lanƙwasa, ƙafarsu a cikin bango, kansu ya haɗu a ƙololuwa. Wanda ya san bakan gizo a soron Hausa zai gane dabarar nan take, ko da yake namu azara ce da ƙasa, nasu itacen ok ne da turakun katako. Ana iya huda irin wannan itace a zaro ɗan siririn sanda a ƙirga zobban shekarunsa, a gwada faɗinsu da na wasu itatuwan yankin da aka san shekarunsu. In ɓangaren da ke dab da ɓawo bai lalace ba, har shekarar da aka sare itacen ana iya faɗa. Da yake kafintocin da ɗanye suke aikin ok, don in ya bushe yana gagarar kayan aiki, shekarar saran ba ta nisa da shekarar gini. Sai dai a yi hattara da katakon da aka kwaso daga wani gini. Alamarsa ramukan haɗi da ba abin da ya shiga cikinsu. Za ka ji masu gida suna cewa daga tsohon jirgin ruwa aka samo shi. Kusan kullum daga wani gida ne ko rumbu da aka rushe a nan kusa, don ba mai jan gungume daga bakin teku ya hau da shi tudu alhali ga itace a kwarin da ke ƙasansa.

Canji na farko bai zo da murhu ba, da ɗakin kwana ya zo. Iyali suka so wurin da hayaƙi da idon baƙo ba sa kaiwa, sai aka ɗora ɗan bene a kan ƙuryar da ke can sama, daga baya wani a kan lungun ratse. Sau da yawa benen kan turo kai kaɗan cikin babban ɗakin, kamar baranda a cikin gida. In ka ga kawunan katako sun leƙo a jere a saman katangar ɗaki, an gyara bakinsu da kyau, wannan ne. An gyara su ne don a lokacin ana ganinsu daga ƙasa. Gidan Sanders da ke Lettaford, na wajen 1500, yana da irin wannan. Babban ɗakin kuwa ya ci gaba da zama buɗe a tsakiya, kamar rijiya tsakanin benaye biyu.

Sannan murhun da ka ce ya yi wa ɗakin girma. Ya yi girma ne don ba tare da ɗakin aka haife shi ba, cusa shi aka yi. A ƙarni na 16 zuwa na 17 manoman yankin sun sami kuɗi daga ulu da saƙa da kuza, suka fara gina bututun hayaƙi na dutse. A dogon gida, wurin da aka fi sa shi shi ne ya ba lungun ratse baya. Ka tuna ko bangon da ke hannunka ɗaya lokacin da ka shigo ya fi sauran kyau, da manyan duwatsu sassaƙaƙƙu? Bayan murhu ne, kuma da gangan aka ƙawata shi don shi baƙo ke fara gani. Wani limamin coci mai suna William Harrison ya rubuta a 1577 cewa tsofaffin ƙauyensu a Essex suna lissafa yawan bututun hayaƙi cikin manyan abubuwan da suka sauya a rayuwarsu, tare da shimfiɗar kwana da kwanukan cin abinci. Masanin tarihi W. G. Hoskins, wanda shi kansa ɗan Devon ne, ya kira wannan zamani babban sāke gini, ya sa shi tsakanin 1570 da 1640 a wani rubutu na 1953. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa kowane yanki da lokacinsa, wasu sun riga, wasu sun makara ƙwarai, amma asalin maganar ta tsaya.

Da hayaƙi ya sami hanyarsa, sai komai ya biyo baya kamar an kwance ƙulli. Ba sauran dalilin barin ɗakin a buɗe, sai aka shimfiɗa bene a kansa. Bene na bukatar matakala, sai aka fasa bangon baya aka gina 'yar hasumiya mai matakala mai murɗawa. Ɗakunan sama sun yi ƙasa-ƙasa, sai aka ƙara wa bango tsayi, kuma sau da yawa za ka ga layin a waje, inda girman dutse ko launinsa ya sauya. Tun da hayaƙi ya daina neman taga, gilashi ya zama abin amfani, aka faɗaɗa tagogi. Aka huda gefen murhu aka sa tanderun burodi, wanda ke kumburowa waje kamar ciki. Aka jingina ɗakin madara a gefen da rana ba ta bugu. Mai hali ya fitar da reshe guda na ɗakin baƙi, ko shirayi mai ɗaki a sama. A kan irin wannan aikin ne ake sassaƙa shekara, kuma ina kyautata zaton taka daga nan ta fito. Wannan ne kuma dalilin rashin daidaiton tagogin: kowace an huda ta ne don ɗakin da ke bayanta, a zamaninta, da kuɗin da ake da shi a lokacin. Son jera tagogi sahu-sahu a fuskar gida ya iso ƙauye ne a ƙarni na 18.

Game da ƙofar da aka toshe, kowa zai ce maka haraji ne. Gaskiya ne an yi harajin taga a Ingila daga 1696 zuwa 1851, kafinsa ma an yi na murhu daga 1662 zuwa 1689, sule biyu kan kowane murhu a shekara. Amma da farko gidan da tagoginsa ba su kai 10 ba ba ya biyan ƙarin kuɗi kan tagogi, ƙaramin gidan gona kuwa da wuya ya kai. Kuma kai ƙofa ka gani. A dogon gida, dalilin da ya fi yawa shi ne rabuwar mutum da dabba. Da zamani ya tafi, sai aka daina son bin ƙofa ɗaya da shanu. Aka huda musu tasu ƙofar a gefe, aka gina bango tsakaninsu da lungu. Daga baya aka fitar da su gaba ɗaya zuwa wani gini a tsakar gida, ɗakinsu ya zama madafa ko ɗakin zama, ƙofarsu kuma aka toshe ta ko aka mayar da rabinta taga. In ka duba ƙarshen gidan na gangare ka ga siraran tsagogin shan iska da aka cike, ko wata kafa a gindin bango, ka sami shaidarka. Wasu iyalan akasin haka suka yi: suka gina sabon gida a gefe suka bar wa dabbobi tsohon. Irin waɗannan su suka fi riƙe siffarsu ta da.

Karanta bango kuwa abu ne da injiniya irinka zai ji daɗinsa. Magini in yana gini a tashi ɗaya yana sarƙa duwatsu, kowane ya hau kan gaɓar na ƙasansa. In ka ga layi miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama wanda ba dutsen da ya ƙetare shi, gini biyu ne suka haɗu. Gefen da ke da manyan duwatsun kusurwa a bakin layin shi ne tsoho, don nan ne ƙarshensa a da, ɗayan jingina ne. Auna kaurin bango a kowane ɗaki ka zana a takarda. Tsohon bango yakan kai ƙafa 2 zuwa 3, fuska biyu da ɓaraguzai a tsakiya, ƙasa ce ta riƙe su. In ka tarar da bango mai wannan kauri a tsakiyar gida, dā bangon waje ne. Dutsen giranit na ginin ma yana da tasa alamar. Kafin wajen 1800 ana fasa shi ne ta hanyar sassaƙa 'yan ramuka masu faɗi a jere a buga weji. Bayan nan aka koma huda ramuka zagayayyu ana cusa ƙarfe. In ka ga rabin ramukan huda a jere a gefen linta, kamar haƙora, wannan dutsen bai girmi ƙarni na 19 ba, ko da kuwa a tsohon bango yake zaune.

Akwai abin da ke ci mini rai a wannan fanni, kuma tun da gini kake karanta dole in faɗa maka. Ɓarnar da aka yi wa waɗannan gidaje a shekara 70 da suka wuce ta fi ta ƙarnukan da suka gabata, kuma da kyakkyawar niyya aka yi yawancinta. Bangon dutse da ƙasa yana shan ruwa yana kuma fitarwa. Yaɓen da aka saba yi masa na farar ƙasa ne da ake samu daga ƙona dutsen alli, mai taushi, mai barin damshi ya fita. Da siminti ya yi araha sai aka bi gaɓoɓin aka cike da shi, aka shafe fuska. Siminti ba ya lanƙwasa tare da bango, sai ya tsage kamar gashi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Ƙasar ciki ta jiƙe, kawunan katakon da ke cikin bango su ruɓe. Na taɓa sa hannu a ƙafar wani katakon rufi a bayan irin wannan filasta, ya marmashe mini a tafin hannu kamar ƙuli-ƙuli, itacen da ya yi ƙarnuka lafiya lau. Mu ma mun san wannan ciwo. Duk wanda ya ga katangar ƙasa a Kano ko Zariya ko Damagaram da aka lulluɓe da siminti, ya ga yadda filastar ke ɓallewa falle guda bayan 'yan damuna, ta bar tubali a jiƙe. Dalilin ɗaya ne.

Ɓarna ta biyu ita ce ta masu son mayar da gida "asalinsa". Sai a yaye yaɓe don a ga dutse, alhali maginin bai taɓa nufin a ga wannan dutsen ba. Sai a kankare katako da injin yashi don ya yi haske, kunkunniyar shekara 600 ta tafi cikin wuni ɗaya. Sai a rushe ɗakin madara don wai sabo ne. Wane asali za a koma? In na 1350 ne, sai a cire murhu da bene da gilashi a dawo da shanu. Ni a ganina murhun ƙarni na 16 da matakalar ƙarni na 17 da tagar ƙarni na 19 duk gidan ne, kowanne amsar wani iyali ce ga wata bukata. Wannan ra'ayi ne William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a kansa a 1877: a gyara abin da ya lalace da irin kayansa, kada a ƙirƙiro tsufa, kada a share abin da zamani ya ƙara. Dokar Ingila a yau tana bukatar izini kafin a taɓa ginin da ke cikin rajista, ciki da waje, amma doka ba ta hawa tsani ta leƙa abin da ake yi a ƙarƙashin rufi.

In Allah ya sa ka koma, ka nemi izinin mai gidan ka leƙa saman silin da tocila, ka taka a kan katako kawai, kada ka taɓa jinkar da hannu don tana da rauni. Fara da saman ɗakin da murhun yake. In katakon da ciyawar baƙaƙe ne, kuma baƙin ya ci gaba har bayan bututun hayaƙin, gidan ya girmi murhunsa, ya kuma girmi shekarar da ke kan ƙofa, mai gidan na kan hanya. Ko ya kai 600 cif, wannan sai siffar haɗin katakon da ke ƙololuwa ko ƙirgen zobe su tabbatar. In kuwa ka tarar da katako fari tas daga farko har ƙarshe, to ko an sāke rufin gaba ɗaya, ko kuma gidan da murhunsa aka gina shi, dutsen ƙofa ya yi gaskiya. A nan sai ka sauko ka koma kan bango da abin awo. Ɗauko mini hoton ƙololuwar rufin da na bangon ƙarshe na gangare, da zanen kaurin bangon kowane ɗaki, mu duba tare.